Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Alƙalin Dakali

Makon jiya na tsaya a inda na gama difloma na dawo gida na zauna. Zaman nan shi ya jawo mini sunan da har yau ake tsokanata da shi, wai Alƙali. Dakalin ƙofar gidanmu ne kotun, daga la'asar har a kira magariba. Wanda ya yi gini in ce ya ci hanya. Wanda ya ƙara aure in lissafa masa bashin da ke kansa. Liman ma bai tsira ba, wai ya cika jan sura. Da na samu wayar da ke hawa Facebook kuwa, sai shari'ar ta bar unguwa ta koma ƙasa baki ɗaya.

Kawu na marina, Allah ya jiƙansa, ba mai faɗa ba ne. In ya zo wucewa ya tarar ina zuba, sai ya ce, "Laifi tudu ne," ya shige gida gaida Inna. Ba ya ƙarasawa. Rashin ƙarasawar nan ya fi zagi ciwo.

Ranar ɗaurin auren Yaya, Kawu ya kawo masa shuɗi na hannunsa, ni kuma a gaban baƙi na ce rinin bai kama daidai ba. Kawu ya dube ni ya ce, "To ɗana, gobe ka zo ka nuna mana." Girman kai ne ya kai ni marinar Ƙofar Mata ta Kano, ba ladabi ba.

Marinar da aka ce tun 1498 ake rini a cikinta, na tarar yawancin ramukanta sun bushe, yadin waje mai araha ya kashe kasuwa. Kawu ya nuna mini rami ɗaya. Ganyen baba mai ba da shuni, toka, kanwa, ruwa, sai jira na makonni kafin ruwan ya nuna. Ni da ban iya jiran mutum ya gama magana ba! Abin da ya fara kama ni shi ne yadda ƙyalle ke fitowa kore-kore, iska na bugunsa yana rikiɗewa shuɗi kana kallo. Ka tsoma, ka ɗaga, ka sake tsomawa, har bayanka ya ƙage.

Nawa na farko ya fito dabbare-dabbare kamar kazar Fulani. Na tsaya ina jiran dariya, don da ni ne da na yi mako ina labari. Ba wanda ya tanka. Wani yaro da bai kai shekara goma sha biyar ba ya karɓa ya mayar ramin. Kawu na gefe yana wanke hannu, na tabbata zai ce laifi tudu ne. Bai ce ba.

(Ɗan Gwaggo da ke yawo yana cewa na zubar da difloma a rami, na ji. Hularsa ma ni na... a'a, bari dai, kada Alƙali ya farka.)

Ban san ranar da na bar dakali ba. Na dai tuna wata la'asar 'yan majalisa sun tare ni in yanke hukunci a kan sabuwar motar wani, ni kuwa hankalina na kan ko ramina ya yi kumfa. Na ce mota ta yi kyau, na wuce. Suka bi shuɗin hannuna da kallo.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, rigimata da mabuga, masu bugun yadi bayan rini.