Hoton gadar da na wallafa ban tantance ba

Na yi shekaru a ɗakin labarai na wata jarida kafin in buɗe shafin kaina a WordPress. A can, labari ba ya fita sai ya bi ta hannun edita. Namu wani dattijo ne mai jan biro, tambayarsa kullum ɗaya ce: "Wa ya faɗa maka, wa kuma ya tabbatar?" Majiya ɗaya ba ta isarsa. A lokacin, takura na ɗauki wannan tambaya tasa.

Da na koma cin gashin kaina sai na ji sakayau. Wani dare aka turo mini hoton gada da ambaliya ta karya, wai yanzun nan abin ya faru. Na rubuta layi biyar na saki. Kafin gari ya waye labari ya karaɗe ko'ina. Da safe wata mata ta rubuto mini: "Malam, ɗana ta hanyar nan ya bi jiya, kwana na yi ina kiran wayarsa ba ta shiga." Jikina ya yi sanyi. Sai a sannan na sa hoton a TinEye, shafin da ake binciken asalin hoto, ashe tsoho ne, daga wata ƙasa ma daban. Binciken ko minti biyu bai ci ba. Na fitar da gyara, amma magana zarar bunu ce, gyaran bai je inda ƙaryar ta je ba.

Ba wai manyan kafafe ba sa tuntuɓe ba ne. A 2004 tashar CBS ta Amurka ta nuna wasu takardu kan aikin sojan George W. Bush, tana cewa tun farkon shekarun 1970 aka buga su. Masu shafukan intanet ne suka lura haruffan sun yi kama da na Microsoft Word, manhajar rubutu a kwamfuta da babu ita a wancan zamani, har sai da Dan Rather, mai gabatar da labarin a tashar, ya nemi afuwa. Masu shafukan nan su ma ba su da edita, amma sun zauna sun duba.

Yanzu ba na sakin labari sai na ji daga bakin mutum biyu da ba su haɗa hanya ba, kuma wani abokina yana karantawa tukuna. In na yi kuskure ba na gogewa a ɓoye, ina rubuta gyara da kwanan wata a saman labarin. Sau da yawa wasu kan riga ni, na haƙura da hakan.

Ɗan matar ya isa gida lafiya, cajin wayarsa ne ya ƙare. Saƙonta yana nan cikin wayata, ban goge ba.