Layin da ban karanta ba a ƙasan takardar gwajin 'yata

Har yau idan na tuna kwanaki tara ɗin nan sai raina ya ɓaci, kuma da kaina nake fushi.

'Yata tana da shekara 2 aka gano ƙari a saman ƙodarta ta hagu. Neuroblastoma, sankarar da ke tasowa daga ƙwayoyin jijiyoyin da ke kai saƙo a jiki, waɗanda ba su gama ƙosawa ba. Fitsari ne ya fara tona asirinta: VMA da HVA, wasu sinadarai da ake aunawa a fitsari, sun yi sama, kamar yadda suke yi ga kusan yara 9 cikin 10 masu ciwon. Tiyata da kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, duk mun wuce su da ikon Allah, muka shiga zaman bibiya.

Wata ranar ɗiban jini a cikin bibiyar, jijiyar jini ta ƙi samuwa. Sau uku ana soka allura tana tsala ihu, daga ƙarshe aka matse mata hannu aka zuƙo jinin da ƙyar. Ni dai burina a gama mu tafi. Da sakamako ya fito, NSE ya kusa ninka na baya, LDH ma ya ɗaga, kuma duka biyun sinadarai ne a jini da kan hau idan ciwon yana nan. Ban kira kowa ba. Na naɗe takardar na jefa a jaka, wai sai ranar ganin likita. Kwana tara ina tashi tsakar dare ina lalubar cikinta ko zan ji dunƙule, abinci ma ba ya wuce min.

Da likita ya karɓi takardar, ko lambar bai kalla ba, ƙasa ya kai ido. Ya ce, "Maman yarinya, kin ga wannan layin?" Ashe masu gwajin sun rubuta cewa jajayen ƙwayoyin jinin sun farfashe a kwalbar. Su kansu ƙwayoyin suna ɗauke da NSE da LDH a cikinsu, da sun fashe sai su zube, lambar ta hau ko babu ciwo. Aka sake ɗiba a natse, komai ya dawo inda yake, fitsari ma lafiya lau. Kuka na yi a gabansa.

Layi ɗaya fa! Kwana tara yana cikin jakata.

A ranar ya ƙara min da cewa feritin ma, wani sinadarin da ake aunawa a jini, yana hawa bayan ƙarin jini ko zazzaɓi, kuma ba da gwajin jini kaɗai ake cewa ciwo ya dawo ba, sai an haɗa da fitsari da hoton MIBG mai nuna inda ƙarin yake a jiki, wani lokaci har da gwajin ɓargo. Abin da suke bi shi ne yadda lambobin ke tafiya daga gwaji zuwa gwaji.

Yanzu idan ɗiba ta yi wuya nakan faɗa wa likita tun kafin sakamako ya fito. Takarda kuwa daga ƙasa nake fara karanta ta, idan na ga abin da ya tsorata ni a ranar nake buga waya.