Kuɗin Kafin Alƙalamin da Na Bari a Bakin Bahar Maliya

A Yawuri na tashi, bakin kogin Neja, cikin 'ya'yan Sarkawa, don haka iyo bai taɓa zame mini abin koyo ba. Da karatu ya kai ni Alƙahira, wani hutu muka tafi Gardaƙa, wani gari a bakin Bahar Maliya, da abokai, aka ɗaura mini tulun iska a baya aka ce in sauka, sai na ɗauka gida na zo. Ban yi minti biyar a ƙasa ba na gane iyon kogi daban, nutso da tulu daban. A kogi riƙe numfashi shi ne gwaninta. A nan kuwa dokar farko ita ce kada ka kuskura ka riƙe shi, domin iskar da ka shaƙa a zurfin mita 10 tana ninka girmanta kafin ka iso sama, huhu kuma bai da wurin ajiye ƙarin.

Daga wannan rana duk hutu sai teku. A hankali na hau matakan ƙungiyar PADI mai horar da masu nutso, wadda aka kafa a Amurka a 1966, har na kai matakin jagoran nutso, mai raka baƙi ƙarƙashin ruwa yana taimaka wa malami. Da na gaya wa mahaifina a waya cewa malanta nake so in karanta, sai ya ce, "Madalla." Da na ƙara da cewa ta nutso, ya yi shiru, can ya ce, "Kai da muka raba da ruwa da ƙyar?" Na ce, "Baba, wannan da takardar shaida." Bai gamsu ba, amma bai hana ba.

Sharuɗɗan shiga kwas ɗin, wanda ake kira IDC, ba su da wuyar fahimta. Ka kai shekara 18, ka yi wata 6 da samun shaidar nutso ta farko, kana da nutso 60 a rubuce a kundinka kafin ka fara, 100 kuma kafin ka zauna jarrabawa. Sai horon taimakon gaggawa wanda bai wuce shekara 2 ba, da takardar likita wadda ba ta wuce shekara guda ba. Kan takardar likitan nan ina so 'yan'uwana su tsaya. Mai ciwon sikila ba a barinsa ya yi nutso da tulu, mai asma ma sai likita ya duba shi da kyau. A ƙasarmu da sikila ta yi yawa, gara mutum ya san jininsa tun yana gida, kafin ya sayi tikitin jirgi.

Inda na yi tuntuɓe shi ne zaɓen wuri. Na shafe makonni ina kallon hotuna a intanet. Tsibirin Koh Tao na Tailan, inda makarantun nutso suka cika bakin teku. Utila a Honduras, da aka sani da arha. Gili Trawangan na Indunusiya, tsibirin da babu mota, ga masallaci, ga abincin halal. Duk wanda ya rubuta labarinsa sai ya ce nasa ne ya fi, amma kusan dukkansu da fasfon Turai ko na Amurka suke yawo. Mai koren fasfo irina sai ya fara tambayar biza, da ƙasashen da zai ratsa, da kwanakin da za a ba shi. Wannan lissafi kaɗai ya dawo da ni Masar, inda nake da takardar zama, nake kuma jin harshen mutane.

Ko a nan ɗin da ido na yi zaɓe. Wata cibiya ce a wani gari na bakin Bahar Maliya, shafinta cike da hotunan kifaye da murjani, farashinta kuma ƙasa da na kowa. Na tura kuɗin kafin alƙalami ba tare da na yi magana da wanda zai koyar da ni ba. Da na isa sai na tarar daraktan kwas ɗin da ke cikin tallar ba a garin yake zaune ba, ɗauko shi ake yi daga wani gari idan ɗalibai sun taru, kuma ba su taru ba. Aka ce in jira mako guda, mako ya zama biyu. A cikin jiran ne na gano farashin nan mai daɗi bai haɗa da littattafai ba, bai haɗa da kuɗin jarrabawa ba, wanda PADI ake biya kai tsaye, balle kuɗin rajistar zama malami da inshora. Da na tara duka sai arhar ta gudu.

Duk wannan da na haƙura. Abin da ya kore ni ɗakin injin cika tulu ne. Wata safiya na ji iskar tuluna tana ɗanɗanon mai, na zagaya baya, na tarar bututun da ke jawo wa injin iska yana dab da salansar janareto. Hayaƙin da zai sa ka ciwon kai kawai a tudu, a zurfin mita 30 matsinsa ya ninka huɗu, yana iya sumar da mutum ba tare da ya ankara ba. Na yi wa manaja magana, ya dafa kafaɗata ya ce, "Ma'alesh, ya ustaz, shekara da shekaru haka muke." Washegari na ɗauki jakata. Kuɗin ba su dawo ba, ban kuma tsaya rigima ba.

Na nufi Dahab, a Sina'i, kimanin kilomita 90 arewa da Sharm el-Sheikh. Sunan garin zinariya yake nufi da Larabci, tsohon zangon Larabawan ƙauye ne da ya zama matattarar masu nutso. Wannan karon ban ce wa kowa kwas na zo yi ba. Na yi mako guda ina biyan kuɗin nutso kamar kowane baƙo a cibiyoyi uku, ina kallo. Wa ke duba kayan haya kafin ya miƙa? Akwai tulun iskar oksijin a motar da ke kai mu bakin ruwa, ko sai an tambaya a fara nema? Ma'aikata shekara nawa suka yi a wurin? Na duba ko cibiyar na da lasisin CDWS, hukumar da ke kula da harkar nutso a Masar, na kuma tambayi nisan ɗakin matsin iska, inda ake kai wanda kumfar naitirojin ta taso masa a jini saboda saurin hawowa. Dahab na da irin wannan ɗaki, Sharm ma haka. A kowace cibiya kuma sai na nemi a nuna mini ɗakin inji. Ɗaya ta yi ta kame-kame. Ɗaya kuwa mai kula da injin har murna ya yi, ya buɗe mini littafin da yake rubuta ranar da ya sauya matatar iska.

A nan na zauna da daraktan kwas, wanda kowa ke kira Kaftin, kamar yadda Misirawa ke kiran duk mai horarwa. Na tambaye shi mutum nawa ne cikin ɗalibansa suke cin jarrabawa. Ya ce, "Wannan tambayar kowa zai ba ka amsa mai daɗi. Tambaye ni mutum nawa nake ɗauka a aji." Huɗu ne, kuma shi da kansa yake shiga ruwa da su kullum. Ya bayyana mini abin da ya kamata in sani tun farko: jarrabawar ƙarshe, IE, ba cibiya ke yin ta ba. PADI ce ke turo nata masu jarrabawa, kwana biyu, ma'auni ɗaya ko a Tailan ko a Masar. Takardar da za ka samu iri ɗaya ce ko'ina. Abin da kake saye da kuɗinka shi ne idon mutumin da zai yi kwana goma sha yana kallon kurakuranka.

Kifayen da na zaɓi wuri dominsu kuwa, ban ce na gan su ba. Yawancin kwas ɗin a Lighthouse muka yi shi, wani lungu da ake shiga da ƙafa daga bakin titi, a zurfin mita 5 zuwa 6, kan rairayi. Abokan karatunka su ne ɗalibanka. Kaftin zai raɗa wa kowanne kuskuren da zai yi da gangan: wannan ya riƙe numfashi sa'ad da ya cire abin shaƙa daga baki, wancan ya saki igiya ya fara tashi sama. Aikinka ka gani ka gyara nan take, da hannu da ido, tunda babu magana. Ranar farko wani kunkuru ya gifta, na bi shi da kallo na daƙiƙa uku. Da na juyo, ɗalibina ɗaya ya kai rabin hanyar sama. Kaftin bai ce komai ba sai da muka fito, ya ce, "Ya ustaz, yaya kunkurun, lafiyarsa ƙalau?" Ban sake ba.

Ruwan ma ya koyar da ni nasa. Bahar Maliya ta fi yawancin tekuna gishiri, kusan giram 40 a lita inda sauran ke da 35, don haka sai ka ƙara dalma a ɗamararka kafin ka nitse. Lokacin hunturu na yi kwas ɗin, ruwa na wajen digiri 22, ga iskar arewa da ta sa Dahab ta yi suna wurin masu wasan filafilai. Awa guda kana tsaye cik a ƙasa kana kallon ɗalibi, sanyi sai ya shiga ƙashi. Na yi gunaguni a lokacin, amma wanda ya koyi riƙe aji cikin igiyar ruwa da rawar ɗari, ruwan ɗumi ba zai ba shi wahala ba. Na kuma kauce wa watan Azumi da gangan, domin ƙarancin ruwa a jiki na ƙara haɗarin ciwon kumfar nan, ni kuwa ba na son in zaɓa tsakanin azumina da kwas. Mai zuwa da gajeriyar biza ya ƙara da wani lissafin: ranakun jarrabawa a tsare suke, wanda ya faɗi wani sashe sai ya jira zama na gaba, kuma bayan nutson ƙarshe ana son a yi aƙalla awa 18 kafin a hau jirgin sama.

Ana saura kwana biyu jarrabawa Kaftin ya kai mu Blue Hole, ramin nan mai zurfin kusan mita 100 da ke arewa da gari. Iyakar nutson nishaɗi mita 40 ne, amma can wajen mita 55 akwai wata ƙofa da ke ɓullewa cikin teku, ita ce ke jan mutane. A irin wannan zurfi naitirojin na bugar da mutum kamar maye. Kafin mu shiga ruwa ya tsayar da mu gaban dutsen da aka manna allunan tunawa da waɗanda suka mutu a wurin, ya ce mu karanta. Ya ce da yawansu ba sababbin shiga ba ne, wasu ma malamai ne. Ranar a mita 18 muka tsaya.

Na ci jarrabawar. Aiki kuma wani babi ne da ban tambaya da wuri ba, domin baƙo na buƙatar izinin aiki, masu cibiyoyi kuma sun fi neman mai jin Rashanci ko Jamusanci. Larabcina ne ya cece ni, saboda matasan Alƙahira da ke zuwa koyo a ƙarshen mako. Ɗalibina na farko wani injiniya ne da ke tsoron ruwa ya shiga gilashin fuskarsa. Mun yi minti ashirin a ruwan da bai wuce ƙirji ba kafin ya yarda ya cire shi. Da daddare na kira gida na ba mahaifina labari. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "To shi wannan injiniyan, ya iya iyo kuwa?"