Harar, Birnin da Kuraye ke Kwana da Mutane

Wanda ya sauka a ƙasar Habasha, abu na farko da zai fara gyarawa shi ne lissafinsa na lokaci. Mutanen ƙasar suna fara ƙidayar awa daga fitowar rana, saboda haka abin da muke kira ƙarfe bakwai na safe su ƙarfe ɗaya suke ce masa. Shekararsu kuma wata goma sha uku gare ta, sha biyu masu kwana talatin-talatin, sai ɗan ƙaramin wata na ƙarshe mai kwana biyar ko shida, kuma tana bayan shekarar Miladiyya da shekara bakwai zuwa takwas. Tun a masaukina na Addis Ababa mai kula da baƙi ya ja kunnena cewa duk wanda ya sa mini lokaci in tambaye shi da agogon wa yake magana. Da wannan gargaɗi na hau jirgin ƙasa mai aiki da lantarki wanda ya haɗa Addis Ababa da Jibuti, na sauka a Dire Dawa, daga nan ƙaramar bas ta haura da mu kan tsaunuka zuwa Harar.

Tsohon birnin yana cikin ganuwar dutse da ake kira Jugol, wadda Sarki Nur ibn Mujahid ya gina a ƙarni na 16, tana da tsoffin ƙofofi biyar. A shekarar 2006 hukumar UNESCO ta saka shi cikin wuraren tarihi na duniya, ta kuma lissafa masallatai 82 da hubbarori 102 a cikinsa. Wasu masallatan ƙanana ne ƙwarai, har mutum zai iya wuce su yana zaton gidan wani ne. Birnin ya daɗe yana mulkin kansa, yana buga kuɗinsa, kafin Misirawa su mamaye shi a 1875, sannan Menelik, wanda daga baya ya zama sarkin Habasha, ya ci shi da yaƙi a 1887. Abin da ya fi burge ni shi ne ba a mayar da wurin gidan ajiye kayan tarihi ba. Mutane suna zaune a ciki, mata na shanya, almajirai na karatu, teloli na ɗinki a bakin hanya, jakuna na ratsa lunguna ɗauke da itace. Saurayin da ke yi mini jagora ya kai ni wani lungu da mutum biyu ba sa iya giftawa sai kafaɗunsu sun gogi juna, ya ce a al'adarsu idan masu gaba suka haɗu a nan to wajibi ne su shirya.

A gidan wata dattijuwa, gwaggon wannan saurayi, na ga yadda ake karɓar baƙo. Babban ɗakin yana da dakali hawa-hawa da aka shimfiɗa wa dardumai, kuma kowane dakali da masu zamansa: akwai na maigida, akwai na dattawa da malamai, akwai na matasa. Bangon cike yake da faifai da kwanduna na saƙar hannu da kwanuka masu launi, an jera su har kusa da rufi. Ta nuna mini wurin da zan zauna, sannan ta kira jikarta ta haɗa gahawa.

Ba a gaggawa a wannan hidima. Yarinyar ta wanke ɗanyun 'ya'yan gahawa, ta soya su a kan gawayi har suka yi baƙi suna maiƙo, ta zagaya da kaskon gaban kowa domin a shaƙi ƙanshin, sannan ta daka a turmi ta zuba a wani ɗan tulun ƙasa mai dogon wuya da suke kira jebena. Turaren wuta na tashi a gefe, an ajiye mana gugguru a faranti. Sau uku ake zubawa a finjali, kowane zubi ya fi wanda ya gabace shi sauƙi, na ukun kuma shi ake ɗauka a matsayin na albarka, shi ya sa ba a son baƙo ya tashi kafinsa. Da dattijuwar ta ga na duba agogo, sai ta ce wa jagorana ya gaya mini, "Ɗana, wanda ya shigo gidan nan ya bar sauri a bakin ƙofa." A tsawon wannan zama maƙwabta suka riƙa shigowa, aka yi zancen wata mara lafiya da za a je dubawa, aka tsara gudummawar wani biki. Na fahimci cewa a nan ne unguwa take warware al'amuranta, kuma na ji daɗin yadda yara suka zauna suna sauraro ba wanda ya kore su.

Bayan sallar isha muka fita bayan ganuwa domin ganin abin da ya sa sunan Harar ya zagaya duniya. Wani mutum yana zaune a ƙasa da kwandon nama a gabansa, yana kira da wata irin murya, sai ga kuraye suna fitowa daga duhu ɗaya bayan ɗaya. Yana saƙala nama a ɗan guntun kara ya miƙa musu, wani lokaci ma ya riƙe karan da haƙoransa kura ta zo ta zare. A ƙasar Hausa mun san gardawa masu wasa da kura, amma tasu kurar tana da takunkumi da sarƙa. Waɗannan na daji ne, babu mai ɗaure su, suna zuwa don kansu su koma don kansu. Gabana ya faɗi da na ji numfashin wata a kusa da gwiwata, amma mutanen gari ko a jikinsu.

Jagorana ya nuna mini ƙananan kafofi a gindin ganuwar, waɗanda kurayen ke bi su shiga gari da dare su cinye ƙasusuwa da ragowar mahauta. Ya ce kakanninsu suna ba da labarin cewa a wata shekarar yunwa kuraye sun addabi dabbobi, sai aka dama musu kunu da man shanu aka ƙulla zaman lafiya, kuma har yanzu ana ajiye musu irin wannan kunu a ranar Ashura. Wasu mutanen garin sun yarda cewa kuraye na korar aljanu. Ban karɓi wannan ba, amma amfanin da suke yi wajen tsabtace gari a fili yake, kuma na girmama mutanen da suka gwammace su ciyar da maƙwabcin da ake tsoro maimakon su hallaka shi.

Abin da ya dame ni a tafiyar shi ne wani ganye mai bugarwa da suke kira cat. Da an yi azahar sai ka ga maza da yawa sun kishingiɗa da damin ɗanyen ganye suna tauna har yamma, shaguna sun yi shiru. A hanyar komawa Dire Dawa muka tsaya a Awaday, ɗaya daga cikin manyan kasuwannin wannan ganye, inda ake hada-hada dare da rana ana loda motoci zuwa Jibuti da birnin Hargesa na yankin Somaliland kafin ganyen ya yi yaushi. Wani manomi da muka zauna kujera ɗaya ya gaya mini cewa mahaifinsa gahawa ya noma, shi kuwa ya tumɓuke mafi yawanta ya dasa cat, domin gahawa sau ɗaya ake tsinka a shekara, cat kuwa ana yankansa sau da yawa, yana jure ƙarancin ruwa, kuɗinsa kuma a hannu yake. Na tambaye shi ko yana son 'ya'yansa su riƙa tauna shi. Ya ce ba ya so, amma da kuɗin ganyen ne yake biya musu makaranta a Dire Dawa.