Na san kogi, ban san teku ba: kwana biyar a Kiribi

A bakin kogin Binuwai na tashi a Garwa, kuma tun ina yaro nake ninkaya daga wannan gaɓa zuwa waccan, har a lokacin da ruwa ya cika ya tumbatsa. Wannan sabo ne ya kusa hallaka ni a watan Disamba da na kai iyalina hutu Kiribi, garin nan na bakin teku da ke kudancin Kamaru, domin na ɗauka cewa duk wanda ya iya da kogi ya iya da kowane irin ruwa.

Hanya ba ta ba mu wahala ba. Mun kwana cikin jirgin ƙasa daga Ngaundare zuwa Yawunde, daga nan muka hau mota ta Edeya. Kwana biyun farko sun tafi lafiya lau. Mun ga hasumiyar fitilar jiragen ruwa da Jamusawa suka gina a 1906 kusa da inda kogin Kiyenke ya shiga teku, mun ci gasasshen kifi a wurin da masunta ke sauke kamunsu, sannan muka je matsirgar ruwan Lobe, kimanin kilomita 7 kudu da gari, inda kogi yake zubowa daga kan duwatsu kai tsaye cikin tekun Atilantika. Mai kwale-kwale ya matsa da mu har feshin ruwan yana jiƙa mana fuska, kuma jatan landen da ake soyawa a wurin ya cancanci sunan da ya yi. Wanda ya je Kiribi bai je Lobe ba, tamkar bai je ba ne.

A daren ranar ta biyu na tsaya wurin wani dattijo Bahaushe mai tsire, wanda ya ce ya daɗe da zama a garin. Da ya ji ina shirin shiga ruwa washegari, sai ya ajiye wuƙarsa ya ce mini: “Alhaji, kada ka shiga inda ba ka ga 'yan gari suna wanka ba, kuma ka fara tambayar masunta.” Na yi masa godiya, na gaya masa ni ɗan bakin kogi ne, ya yi shiru ya ci gaba da yankan namansa. Har yau idan na tuna wannan shirun sai raina ya ɓaci, domin an faɗa mini gaskiya kyauta amma na ƙi ɗauka.

Washegari muka nufi wajen ƙauyen Giran Batanga, muna neman gaɓar da babu cunkoso saboda maiɗakina ta sake. Raƙuman ruwa suna ta fashewa dama da hagu da farin kumfa, amma a tsakaninsu akwai wani ɗan tsiri da ruwansa ya kwanta luf, ya fi sauran duhu, babu kumfa sai ɗan ganyaye da ke yawo a kai. A kogi, inda ruwa ya kwanta nan ake samun sauƙin ninkaya, saboda haka nan na zaɓa. Ban san cewa ta wannan tsirin ne duk ruwan da raƙuman suka turo gaɓa yake komawa cikin teku da ƙarfi ba, kuma abin da ya sa ya yi kamar ya kwanta shi ne zurfinsa, tunda wannan igiyar ruwa mai komawa teku ta riga ta kwashe rairayin ƙasansa.

Ruwa yana iya ƙuguna na ji rairayi yana zamewa daga ƙarƙashin tafin ƙafata. Kafin in ankara na daina taɓa ƙasa, da na waiwaya kuwa sai na ga itatuwan kwakwa sun ƙanƙance. A nan na tafka kuskure na biyu, wanda ya fi na farko muni: na juya na fuskanci gaɓa sosai, na shiga ninkaya da dukan ƙarfina. Ina bugun ruwa, gaɓa tana ƙara nisa. Hannuwana suka mutu, na sha ruwan gishiri ya fi a ƙirga, ga shi ina hango maiɗakina ta shiga ruwa har gwiwa da hijabinta, ɗanmu na riƙe da gefen zanenta, bakinta a buɗe amma ƙarar teku ta hana in ji abin da take faɗa. Na fara kalmar shahada a zuciyata.

Allah ya kawo wasu masunta biyu da ke dawowa daga kamu. Ba su iso kusa ba tukuna ɗaya ya miƙe cikin kwale-kwalen yana ta nuna mini gefe da hannu, ba gaɓa ba. Na bi abin da ya nuna da ɗan sauran ƙarfina, kuma ban yi nisa ba na ji ruwan ya sake ni, kamar wanda aka cire wa igiya daga ƙugu. Suka jawo ni ciki na kwanta kan tarunsu ina amai. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ƙanƙantar tsirin: da tun farko na yi ninkaya zuwa gefe, ko kuma na kwanta rigingine na bar ruwan ya kai ni inda ƙarfinsa yake ƙarewa, da ban kai ga wannan hali ba. Igiyar ba ta jan mutum ƙasa, waje take kai shi, gajiya da firgita su ne suke nutsar da shi.

Sauran kwanakin hutun a kwance na yi su. Ƙirjina ya yi nauyi, tari ya hana ni barci, har sai da muka je asibiti aka duba ni saboda ruwan da na shaƙa. Duk wanda irin wannan ta same shi, kada ya ce tunda ya fito ai shi ke nan, ya je a duba huhunsa a ranar. Tafiyar da muka shirya zuwa ƙauyen Eboje, inda kunkurun teku ke fitowa da dare su yi ƙwai a cikin rairayi, ta rushe, alhali ita ce ɗana ya fi ɗoki tun daga gida, kuma kuɗin motar da na riga na biya bai dawo ba.

Ba na hana kowa shiga teku a Kiribi, domin akwai wuraren da 'yan gari da 'ya'yansu suke wanka kullum. Amma mutuminmu na Arewa da ya je ya tsaya a kan tudu ya ƙare wa ruwan kallo kafin ya cire riga, ya guji tsirin da ya kwanta tsakanin kumfa, ya kuma gaida masunta ya tambaye su inda ake shiga a ranar, tunda wurin igiyar yana sauyawa. Mafi yawan gaɓar da muka zaga ban ga ma'aikacin ceto ko allon gargaɗi ba.

Ranar da za mu tashi na koma wurin mai tsiren na ba shi labari. Ya riƙe hannuna ya ce Allah ya kiyaye gaba, bai ƙara komai ba. Ɗana kuwa, wanda a da nake koya wa ninkaya a Binuwai, tun da muka dawo Garwa bai yarda ya sa ƙafarsa a ruwa ba.