Mun bi tashar sama da tsohuwar kwamfuta

Asabar, babu aiki. Da hantsi na jawo tsohuwar kwamfutar nan daga ƙarƙashin gado, na kwance murfinta, na hure ƙurar hunturun bara da ta toshe fankarta da famfon keke. Ƙaramin batirin da ke riƙe mata agogo ya daɗe da mutuwa, shi ya sa duk aka kunna ta sai ta tsaya tana jiran a danna F1, kuma a lissafinta har yau muna 2006. Windows XP ce a kanta, RAM giga ɗaya. Wasannin yaran yanzu ko buɗewa ba za su yi ba. Orbiter kuwa, wasan koyon tuƙa kumbo a sararin samaniya, yana tafiya sumul, in dai na rage kyan hoton gajimare.

Wani masanin kimiyya a Landan, Martin Schweiger, shi ya rubuta shi, ya sake shi kyauta tun 2000. Ni na 2010 nake da shi. Babu abokin gaba a ciki, babu harbi, babu maki. Kumbo ne da mai a tankinsa, da duniya tana juyawa, da lissafin Newton wanda ba ya sassauta wa kowa. Lissafin nan bai fi ƙarfin tsohuwar na'ura ba. Abin da ke cinye ƙarfin kwamfuta a sababbin wasanni yawanci ado ne.

Bayan azahar ɗan yayata ya shigo daga Birni, an aiko shi da saƙo, ya ga allon ya manta da saƙon. Na ba shi kujera. Muka ɗauki kumbon wasan mai suna Delta-glider a filin Cape Canaveral na Amurka da niyyar zuwa ISS, tashar da ke shawagi wajen kilomita 400 a sama. Yana tashi ya miƙe hancin kumbon sama sak. Na ce ya kwantar. Hawa kilomita 400 ba shi ne wahalar ba, gudun gefe ne: sai ka kai kusan kilomita 28,000 a awa, ta yadda kana faɗowa ƙasa tana lanƙwashewa a ƙarƙashinka, ba ka taɓa isa gare ta. Yawancin man a nan yake ƙarewa. Ya kwantar, yana gunaguni, har lambar PeA a ƙaramin allon hagu, wadda ke nuna tsayin wuri mafi ƙasa a da'irarmu, ta haura saman iskar duniya, muka kashe inji.

Daga nan aka shiga abin da nake jira. Mun daidaita hanyarmu da ta tashar, tana gabanmu da 'yar tazara. Yaro ya kai hannu ga maɓallin inji.

"Kawu, ga ta can. In taka kawai."

"Taka mu gani."

Ya taka. Da farko tazarar ta ragu, ya fara murmushi. Na danna T don lokaci ya yi sauri ninki goma, sai ga tashar ta sulale ƙasa da mu, ta yi gaba, lambar nisa tana ta hawa. Ya dube ni kamar na yi masa wani siddabaru. Ya ce ko ɗan kabu-kabu ya san in kana son cimma na gaba totur ake murɗawa. Na ce a kan hanyar Tanout haka ne. A can sama in ka ƙara gudu, hanyarka ce take faɗaɗa, ka hau da'ira mafi girma, wadda zagayenta ya fi ɗaukar lokaci, sai a bar ka a baya. In kana son cimma na gabanka, sai ka juya kumbo ka hura inji ta baya, ka sauko da'irar ƙasa mai gajeren zagaye, ka riƙa cin tazarar a hankali, zagaye bayan zagaye. Kowane zagaye minti 90 da 'yan kai.

Bai yarda ba sai da ya gwada. Kuma ban ga laifinsa ba, don ƙwararren matuƙi ma ya faɗa wannan ramin. A watan Yuni na 1965 James McDivitt, cikin kumbon Amurka Gemini 4, ya yi ta hura inji yana nufar ɓangaren rokar da ta kai su sama, abin yana ƙara yi masa nisa, har ya ƙona mai da yawa aka ce ya bari. Sai a Disambar shekarar Gemini 6 ta iya matsawa dab da Gemini 7. Da na faɗa masa haka ya ɗan saki fuska.

Wajen la'asar ɗakin ya zama tanda. Zafin bazara a Damagaram ya wuce digiri 40 a waje, fankar kwamfutar tana kuka har ana ji daga tsakar gida. Na bar murfin a buɗe, na juyo mata fankar ɗaki, mu muka haƙura da gumi. Ina danna Ctrl da S lokaci-lokaci don ajiye inda muka kai, kuma hakan ya yi rana, don muna cikin zagaye aka ɗauke kuran. Muka yi salla, na ɗora shayi a zaure. Kafin a sha na biyu wuta ta dawo.

Haɗuwar ƙarshe ita ce ta fi cin rai. Inji babba ya gama aikinsa, saura ƙananan bututun gefe, ana taɓa su da maɓallan lamba na dama. Taɓawa ɗaya, ka ɗauke yatsa, ka jira. Babu iskar da za ta tsayar da kai, duk motsin da ka fara sai ka kashe shi da kanka. Yaron da ɗazu yake son ya taka, yanzu ya sunkuya hancinsa kusan a jikin allo, yana riƙe gudu a kan santimita goma a daƙiƙa, yana ce mini in daina magana. Kumbon ya fara karkacewa, ya danna 5 ya tsayar da juyin ba tare da na tuna masa ba. Da bakin kumbon ya kama ƙofar tashar ya buga tebur har kofin shayi ya tuntsure.

Nan take ya ce wata za mu. Na ce kilomita 384,000 ne, mutanen Apollo 11 sun yi kwana uku a hanya a 1969, kuma sai mun koyi lissafin lokacin tashi tukuna. Ya ce ai akwai T. Muna cikin wannan musu wayata ta yi ƙara, yaya ce, tana tambaya ko ɗanta ya iso da saƙon, don tun azahar take jiran amsa. Saƙon yana aljihunsa.