Yadda kalmar “reorder” ta ɗaure mini jari

Duk ɗan kasuwar Kantin Kwari da ke sayo shadda da leshi daga birnin Guangzhou na ƙasar Sin ya san cewa da Turanci muke magana da mutanen can a WhatsApp, alhali mu da su duka aron harshen muka yi. Gabanin azumin bara wakilina, ɗan ƙasar Sin, ya turo mini jerin kayan da na saya a baya a hargitse, sai na rubuta masa ya yi “reorder” ɗinsa, ina nufin ya sake tsara shi bisa launi domin in ga wanda ya fi tafiya. Shi kuwa ya ɗauka odar kayan nake so a maimaita, kuma da yake akwai kuɗina a hannunsa, ya biya kamfani aka ɗaure kaya.

Abin da yake ci mini rai har yau shi ne kowannenmu yana da gaskiya. A Turanci “order” tana nufin oda, tana kuma nufin tsari, “re” da ake liƙa mata a farko kuwa “sake” ke nan, saboda haka fi'ilin yana ɗauke da ma'ana biyu. Sai dai a bakin 'yan kasuwa sake oda ce take fara zuwa. Shi ya sa masu lissafin sito suke kiran adadin da kaya za su ragu zuwa gare shi kafin a sayo wasu “reorder level”, kuma a manhajojin sayayya maɓallin da ke ɗauke da wannan kalma yana maimaita abin da ka saya a baya ne.

Cikin kayan da suka iso har da launukan da suka yi mini kwantai tun farko, waɗanda domin in gano su na nemi a gyara jerin. Jarina ya kwanta a daidai kasuwar sallah, dole na karya farashi maƙwabta suka kwashe.

Yanzu idan tsari nake so sai in rubuta “rearrange” ko “sort”, idan kuwa kaya nake so sai in rubuta “repeat order”, in ambaci lambar zane da launi da yawan bandir. Na kuma kafa wa wakilin sharaɗi cewa ko kwabo ba zai fita daga kuɗina ba sai ya turo takardar farashi na amince da ita a rubuce.